Akwatin Alhaji Sadi

Badaruddeen ya sake miƙa igiyar daga bango zuwa gefen akwatin, karo na uku tun asuba, kamar mai sa ran akwatin ƙarfe zai rame kafin hantsi. Bai rame ba. Igiyar, wadda ya yanko daidai faɗin keken guragun da likita ya rubuta wa matarsa, ta zarce gurbin da ke tsakanin bango da akwatin da fiye da taƙi guda. Ya naɗe ta a yatsa, ya jefa aljihu, ya tsaya yana kallon sunan da aka rubuta da farin fenti a kan murfin: ALH. SADI. Ƙarfe biyar na yamma Lurwanu zai ɗauko Raliya daga asibiti.

Lurwanu ƙanin Raliya ne, mai shigo da tayil daga waje, mai gida a Angré, unguwar masu hali ta Abidjan, wanda falonsa kaɗai ya isa mota ta yi kwana. Shekaranjiya a barandar asibiti ya faɗi sharaɗinsa yana kaɗa makullin mota, da irin dariyar da ƙanin mata ke yi wa mijin yayarsa, wadda ba a yin fushi da ita kuma ba a mantawa.

"Zan biyo da ita ta gidanku na Arras, Yaya Badaru. In keken ya shiga har bakin gado, shi ke nan, ga matarka. In bai shiga ba, ko mota ba za a kashe ba. Angré za mu wuce, sai ta warke."

Likita ya ce karayar ƙugu a shekarunta, ga ciwon suga, warkewa na iya cin shekara. Badaruddeen kuma ya san abin da "sai ta warke" ke nufi a gidan da ruwan zafi ke fitowa daga famfo. Kwana talatin da tara ke nan yana cin aceke, dambun rogon nan, da kifi a tsaye a bakin titi, yana dawowa ya yi sallama a ƙofar da ba mai amsawa. Shekara ashirin da shida da aure, sai yanzu ya gano bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba.

Laifin, in za a bi salsala, na mahaifinsa ne. Marigayi mai masauki ne na fataken goro a Treichville, kuma bai bar wa ɗansa gida ko gona ba, suna ya bar masa. Duk Bahaushen da zai tafi ganin gida, ko aikin Hajji, ko gudun tashin hankali, ya san inda ake barin kaya a dawo a tarar da su yadda aka bari: a kai wa Badaru na Arras. Sai dai mutane sun fi ƙwarewa a tafiya fiye da dawowa. A shekarar 2002 kaɗai, da rikici ya ɓarke, gidan nasa mai falo ɗaya da ɗaki biyu da siririn lungun da ya haɗa su ya haɗiye kekunan ɗinki uku, fankoki, katifu, buhunan littattafai, da kwanukan wata amarya da yanzu 'ya'yanta ke zuwa makaranta. Shi da Raliya suka koyi tafiya a kaikaice kamar ƙaguwa. 'Ya'yansu biyu, Huda da Hanan, suka yi aure da wuri, shi kuwa har yau yana zargin wurin miƙe ƙafa suka je nema.

Wata safiya Raliya ta fito da tiren shayi, ƙafarta ta sarƙe da naɗaɗɗen kafet ɗin wani mutum da ya tafi Gabon shekara shida da suka wuce. Kafet ɗin ko ƙwarzane bai yi ba.

Ita ce ta ba shi dabarar, a kan gadon asibiti, kwana biyu bayan an yi mata aiki. Ya zo mata da alkawarin zai ɗauko babbar mota ya kwashe komai rana ɗaya. Ta ce kada ma ya fara, ta san shi, zai zauna a tsakiyar kaya yana tuna tarihin kowanne har magariba ta yi. Kayan mutum ɗaya kullum, bayan sallar asuba, ya kai wa mai su ko magajinsa, ya dawo.

"Ɗaya-ɗaya ba a jin ciwonsa," ta ce.

Ya tambaye ta inda ta koyi wannan. Ta rufe ido ta ce maganin barcin ya fara kama ta. Tun daga ranar, kullum ya shiga dubiya, kafin ya gama zama sai ta ce, "Na yau fa?" shi kuma ya ba da rahoto kamar ɗan aike.

Makon farko baya ya ci. Ya kai wa wani dattijo fankarsa a Koumassi, dattijon ya yi masa addu'a ta kusan rabin awa, ya kuma roƙe shi ya riƙe masa katan biyu na kofuna na ɗan lokaci. Ya mayar da keken ɗinki a Marcory, ya dawo da tukuicin turmi. Daga baya ya gano hikima: ya isa gidan mutum daidai ana tayar da iƙama, ya dire kaya a zaure, ya ce zai je ya sake alwala, ya bi ta ɗaya lungun. Waɗanda aka rasa su aka rasa magadansu, limamin unguwa, Malam Mishari, ya ce a bayar sadaka da sunansu, in sun dawo a yi musu bayani. A hankali bango ya fara bayyana. Ashe kore ne. A ɗaki na biyu har taga ya gano, wadda ya rantse ba da ita ya kama hayar gidan ba.

Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, duk wannan tonon bai fito masa da ko ɗaya daga cikin nasa kayan da suka ɓace ba. Shekaru ke nan kayansa na sulalewa: rediyonsa mai kaset da yake shirin kaiwa gyara tun 1998, jak ɗin Fijon da ya sayar kafin a haifi jikansa na fari, dutsen guga na gawayi, kwalayen kusoshi da yake tsinta a hanya don wata rana. Ya zargi ɓeraye. Ya zargi baƙi. Ya zargi maƙwabcinsa Kwasi mai gyaran wuta, har suka yi shekara guda gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu ba. Duk lokacin da ya yi cigiya, Raliya takan taya shi dubawa ƙarƙashin gado, da haƙuri, ta ce Allah ya bayyana.

Yanzu saura akwatin. Alhaji Sadi abokinsa ne, ɗan kasuwar shadda, ya kawo shi a watan Oktoba na 2002 ya ce yana nan dawowa bayan Sallah. Ya rasu a Kano. Akwatin ya isa mutum ya kwanta ciki, yana nan a lungu daidai ƙofar ɗakin kwana, da kwaɗo ƙato kamar na kurkuku. Ranar Litinin Badaruddeen ya kira maza huɗu, suka ja, suka yi nishi, akwatin ya matsa yatsa biyu ya fasa tayil ɗaya. Ko da sun ɗaga ma, ina za a kai amanar mamaci, bakin titi? Kuma buɗewa ba ta taso ba. A gidan mahaifinsa, wanda ya leƙa cikin ajiya daidai yake da wanda ya sata. Magajin da ya rage a Abidjan shi ne ɗansa Lukumanu, mai shago a Adjamé. Sau biyu Badaruddeen yana zuwa ana cewa yana Lome, kuma irin wannan magana ba ta waya ba ce. Jiya aka ce ya dawo.

Ƙarfe tara ya fita. An ce gada ta cushe, sai ya gangara tashar jirgin ruwa ta Treichville ya bi layi. A cikin jirgin ya samu wuri kusa da taga, ya zauna yana duba agogo duk bayan ɗan lokaci, kamar dubawar ce ke tura jirgin. Robobi da ledoji da warin takalmi suna yawo a kan ruwan. Ya kalle su da wata 'yar hassada. Akwai mutane a garin nan, ya ce a ransa, da ke jefar da abu su juya su tafi, su kuma yi barci lafiya. Ya sauka unguwar Plateau, ya kama woro-woro, irin tasin nan ta haɗaka, aka matse shi tsakanin wata mata mai kwandon ayaba da ƙofar da ba ta buɗuwa sai daga waje.

Shagon Lukumanu yana ɗaya daga cikin titunan da ke bayan Mairie, ofishin magajin gari, inda mai tafiya ke tafiya da kafaɗa fiye da ƙafa. Kayan wuta yake sayarwa, soket da ƙwan fitila da wayoyi na Caina, an jibge su har rufi. Badaruddeen ya ji wurin ya yi masa kama da gida. Lukumanu ya kai shekara talatin, haifaffen Abidjan ne, Hausarsa tana tafiya ne tana dafa Faransanci. Ya miƙe ya ba shi kujerarsa, ya ce yako, sannun mutanen garin ke nan, ya ji labarin Tanti Raliya, ya aika a kawo shayi. Badaruddeen ya yi ta'aziyyar da ya riga ya yi shekara uku da suka wuce, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya, idonsa na kan agogon bango. Sha ɗaya da kwata. Sai da shayi ya zo aka kurɓa sannan ya kawo maganar: ga amanar marigayi, shekara bakwai, kwaɗo bai taɓa motsi ba, yau yana so a zo a ɗauka kafin la'asar, don Allah don Annabi.

Lukumanu ya ajiye kofi. "Wane akwati, Tonton? Baƙin nan na ƙarfe?"

"Shi."

"Mais babu komai a ciki. Vide ne. Ni da kaina na zo, 2003, bayan Babbar Sallah, kana Lome lokacin. Baba ya aiko na kwashe shaddar duka. Akwatin ya ce a bar wa Tanti ta sa kayanta. A hannunta na ba ta makulli."

Badaruddeen ya ce wataƙila wani akwatin yake nufi. Lukumanu ya kwatanta masa shi har da lotsawar da ke gefen hagu.

"Mutum huɗu suka kasa ɗaga shi ranar Litinin," in ji Badaruddeen.

Dariyar da ta fara taruwa a fuskar Lukumanu ta koma. Ya leƙa titi, ya dawo da kansa, ya rage murya. Ya ce shi dai shadda ya sani. Ya ce Tonton ya tuna yadda shekarun nan suka kasance, mutane sun ɓoye abubuwa iri-iri a gidajen mutanen kirki, don gidan mutumin kirki ne ba a zargi. Ya ce in an buɗe aka ga wani abu daban, abu mai nauyi, mai tsawo, to shi bai taɓa zuwa Arras ba, bai ma san hanyar ba, kuma sunan babansa da ke kan murfin a taimaka a goge.

Badaruddeen ya ajiye kofin shayin. Ya miƙe. Lukumanu ya raka shi bakin shago, ya riƙe masa hannu, ya ce tunda Allah ya kawo shi, kuma an ce gida ya samu fili yanzu, akwai katan uku na soket da ba shi da wurin sawa, mako biyu kacal.

"A'a," in ji Badaruddeen.

Kalmar ta fito masa a karkace, kamar takalmin da ba a taɓa sawa ba. Lukumanu ya tsaya yana jiran sauran maganar, irin su "sai dai gobe" ko "bari Hajiya ta dawo". Ba saura. Badaruddeen ya shige cikin jama'a, yana jin kamar mahaifinsa na kallonsa daga saman wani bene.

A hanyar komawa ya bi ta gada, ya yi nadama. Motoci sun tsaya cik, rana ta daki rufin woro-woro, ga shingen jami'an tsaro a gaba ana duba takardu. Takardunsa cikakku ne, amma da jami'in ya leƙo sai ya ji kamar an rubuta akwatin a goshinsa. Ya kira wayar Raliya sau biyu, ba a ɗauka ba. Ya shiga lissafa waɗanda suka kwana gidansa a shekarun rikici: direban nan na Bouaké da bai cika magana ba, matar da ta zo tana kuka da tsakar rana ta ce an ƙone musu shago. Raliya ba ta iya ganin mace na kuka ta ce a'a. In bindigogin da Lukumanu ke tsoro ne, ba zai iya kiran 'yan sanda ba, ba zai iya fitar da shi ba, ba zai iya barinsa ba. Raliya ta tafi Angré, shi kuma wani wurin daban, inda aƙalla ba mai kawo masa ajiya.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya shiga gida. Ya yi azahar da sauri irin wadda yake faɗa wa surukansa kada su yi. Ya kulle ƙofar waje, ya rufe tagogi har da sabuwar. Sannan ya shiga kicin, wurin da iyakarsa da shi bakin ƙofa. Ya buɗe gwangwanaye, ya ɗaga tukwane. A jikin ƙusa, bayan wani tsohon faifai, ga tarin makullan Raliya a zare ɗaya. A ƙarƙashinsu, cikin gwangwanin madara, ga gishiri.

Makulli na huɗu ne ya shiga. Bai yi gardama ba, ya juya sumul kamar wanda ake sa wa mai. Badaruddeen ya tsuguna, ya karanta Ayatul Kursiyyu, ya ƙara da abin da ya samu, ya ɗaga murfin.

Akwatin cike yake har baki da ƙulle-ƙulle, kowanne an naɗe shi da jarida an ɗaure da zare. Na gefe dogo ne, siriri. Ya ɗaga, ƙarfe ne, mai sanyi, mai nauyi. Ya warware.

Famfon kekensa ne. Wanda ya ce Kwasi ya ara bai dawo da shi ba.

Ya warware na biyu: kwalin kusoshi. Na uku: injin fanka da ya ƙone. Ya zauna daɓas a ƙasa ya ci gaba, yanzu ba karatu. Ga dutsen guga. Ga duwatsun sikelin da ba sikelinsu. Ga kwaɗuna tara marasa makulli da makullai sun fi ashirin marasa kwaɗo. Ga takalmansa na fata da ya ce za a yi musu sabon ƙasa. Ga jak ɗin Fijo, kwance a ƙasa kamar wanda aka yi wa sutura, kusa da shi rediyo. Ya dubi jaridun, nasa ne, waɗanda yake saya ya karanta shafin farko ya ajiye don wata rana. Na can ƙasa na 2003 ne, sun yi ja. Na sama-sama na watan da ta faɗi ne. Shekara shida, ɗaya-ɗaya, a gidan da yake kwana yake tashi, a cikin akwatin da yake bugewa da gwiwa kullum in zai shiga ɗaki. Ta san zai yi rigima a kan kowace ƙusa tasa, ta kuma san abu ɗaya ne a duniya ba zai taɓa buɗewa ba, kayan wani. Ko allura ba ta zubar ba.

Da fari fushi ya zo masa, ya tsaya yana jiransa ya yi ƙarfi, bai yi ba. Sai kunyar Kwasi, wadda ta fi fushin zama. Bayan ita kuma sai wani daɗi mai haɗari, irin na mutumin da 'yan uwansa suka dawo daga doguwar tafiya. Ya jawo rediyon, ya goge shi da hannun riga. Ya nemo batura a cikin agogon bango ya sa. Rediyon ya yi wani ɗan tari. Ai ba wani abu ba ne, waya ɗaya ce ta saki, da ma ya faɗa. Jak ɗin nan kuwa irinsa ba a ƙara yi, duk wanda ya san mota ya sani. Famfon, fata kawai za a canza. Ya fara jera su gefen bango, masu gyaruwa a dama, masu amfani a hagu, ba a samu kashi na uku ba.

Kiran la'asar ne ya ɗago kansa. Ya duba agogon bango, yana nan a kan biyu da rabi, tunda baturansa na cikin rediyo. Na hannunsa ya ce huɗu saura kwata. Ya dubi lungun. Da safe akwati ɗaya ne ya tare hanya. Yanzu akwati ne da kasuwa guda, tun daga falo har bakin gado, kuma wannan karon ba mai su da za a kai wa, ba magaji, ba liman da zai ba da fatawa. Mai kayan yana zaune a tsakiyarsu da rediyo a cinya, yadda aka ce zai yi.

Ya yi sallah a ɗan wurin da ya rage. Yana sallamewa ya ji muryar Ibrahimu daga ƙarshen layi, dattijon nan Bazabarme mai sayen tsofaffin ƙarafa, yana turo amalankensa yana kira. Shekara goma yana wucewa ta ƙofar gidan, bai taɓa samun ko murfin kwalba ba, har ya daina rage tafiya. Da Badaruddeen ya fito ba hula yana ɗaga masa hannu, sai da ya waiga ya ga ko wani ake kira a bayansa.

Ibrahimu ya leƙa lungun ya yi salati a hankali, ya ciro ɗan sikelinsa na rataye. Badaruddeen ya ce ya mayar da shi aljihu, in aka tsaya awo zai sake shawara. Suka shiga jida. Ibrahimu yana ɗaukar biyar, Badaruddeen yana ɗaukar ɗaya yana yi masa bayanin asalinsa. Jak ɗin sai da suka kama shi su biyu, kuma Ibrahimu ya lura cewa ɓangaren maigidan baya yake ja. Kwasi ya fito daga shagonsa ya tsaya yana kallo. Badaruddeen ya ɗauki famfon keken ya tsallaka ya miƙa masa, ya ce kyauta ce. Kwasi ya juya shi, ya ce ai shi ba shi da keke, kuma wannan ba shi ne famfon da aka ce ya sace ba? Badaruddeen ya ce shi ne, ya kuma ce Allah ya ba da haƙuri. Kwasi ya yi dariya har ya dafa bango, sannan ya tuɓe riga ya zo ya kama musu.

Rediyon ne na ƙarshe. Badaruddeen ya ɗora shi a saman kayan da kansa, ya gyara masa zama don kada ya faɗo. Ibrahimu ya ɗaure da igiyar roba, ya tsaya, ya ce yana so ya fahimta da kyau don kada a yi rigima gobe.

"Alhaji, na tafi da su ke nan?"

Ka riƙe mini su na ɗan lokaci: maganar ta zo har kan harshen Badaruddeen, a shirye, da muryar duk mutanen da suka taɓa faɗa masa ita a wannan ƙofar. Ya haɗiye ta.

"Ka tafi. Kuma ko na tambaye ka inda ka kai su, kada ka faɗa mini."

Akwatin, da ba komai ciki, shi da Kwasi suka ɗauke shi kamar kwando suka jingine a bayan gida kusa da igiyar shanya. Na Raliya ne, ba shi da ikon bayarwa. Ya share lungu, ya tattara jaridu, ya tura wa mai ƙosai. A ƙarƙashin tsintsiya wani abu ya gangaro, murfin tankin man Fijo, ya tsere wa amalanke. Ya duba hagu da dama. Abu ne ƙarami, ba ya tare wa kowa hanya. Ya sa a aljihun gaba, inda igiyar take. Ya ciro igiyar ya miƙa a lungu, ta kwanta da sarari a kowane gefe. Ya sake aunawa duk da haka.

Biyar da minti ashirin motar ta tsaya. Lurwanu ya fito ya ce wa direba ya bar ta a kunne. Aka sauko da keken, aka zaunar da Raliya. Ta rame, gyalenta ya yi mata yawa, amma idon nan yana nan. Badaruddeen ya yi mata sannu da zuwa cikin muryar da ba ya so Lurwanu ya ji. Lurwanu ya kama keken da kansa, ya ce bari a ga aikin injiniya. Suka wuce falo. A bakin lungu ya tsaya, ya dubi koren bango, ya dubi fasasshen tayil ɗin, ya tura. Keken ya shiga, bai taɓa ko'ina ba, har gefen gado.

Lurwanu ya ja shi baya ya sake turawa, ko a karo na biyu zai maƙale. Bai maƙale ba. Ya ce tayil ɗin nan dai dole a canza, zai aiko da kwali ɗaya. Badaruddeen ya ce guda ɗaya ya fashe, guda ɗaya za a aiko. Lurwanu ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa, ya fita ɗauko jakar magunguna.

Raliya tana kallon wurin da akwatin yake a da, inda tayil ya fi na ko'ina haske.

"Magajin Alhaji Sadi ya zo ke nan," ta ce.

"Mai kayan ne da kansa ya zo. Ya ce a gode miki da riƙon amana."

"Allah sarki. Ya same su daidai?"

"Ko ƙusa ba ta ɓata ba."

Ta gyaɗa kai, ta gyara gyale, ba ta dube shi ba. Can ta ce, "Na yau fa?"

Ya ce amalanke guda ya fita daga gidan nan yau, Kwasi shaida ne, a tambayi duk layin.

"Waɗannan ni na fitar da su tun tuni, Malam. Naka nake tambaya."

Idonta na kan aljihunsa na gaba, wanda ya yi ɗan tudu. Ta buɗe tafin hannunta a kan cinya. Badaruddeen ya fara cewa irin wannan murfin ba a samunsa yanzu ko a Adjamé, ya ji yadda maganar ke fita, ya bari. Ya ciro shi ya ɗora mata a hannu. Ta juya shi sau ɗaya, ta tura ƙarƙashin gyale, ta tambaye shi ko akwatin yana nan. Ya ce yana bayan gida. Ta ce to, ya mayar mata da makullanta inda ya gan su.

A waje, aka kashe mota.